Wai Mu Kawo Shaidar Muna Son Juna

Yau da safe Malam Abdulmuhaimin ya hango ni a bakin tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga a nan Dubai, sai ya duƙar da kai ya tsallaka titi. Wannan dattijo shi ne babbanmu 'yan Arewa a Muraqqabat, shi ake kira in za a raɗa suna ko a sasanta rigima, kuma a da har kafaɗata yake dafawa. Tun watan jiya ya daina haɗa ido da ni. Shi ya sa na ce bari in yi amfani da wannan fili in wanke kaina, ko wani zai karanta masa.

Abin da ya gani kuwa ba zan musa ba. Wata Asabar ce a bakin ruwan Deira, inda ƙananan jiragen ruwa ke sauke fasinja. Ina tsaye da kwat da laktaye a cikin zafin da ko kuliyoyi sun shige ƙarƙashin motoci, ina miƙa wa matata cokalin askirim a baki, maƙwabcina Baƙo yana durƙushe da waya yana ihu.

"Murmushi, Sharu! Kalle ta kamar yau ka fara ganinta!"

Sai na ji sallama a bayana. Na waiwaya, askirim na ɗiga a takalmina. Malam ya kalle ni, ya kalli cokalin, ya kalli Hannatou da ta ja gyale ta rufe fuska, ya ce, "Sharfuddeen, lafiya dai ko?"

Na ce, "Malam, hukuma ce ta sa mu."

Ya yi gaba yana girgiza kai. To wallahi gaskiya na faɗa masa.

Ga yadda abin yake. Ni dai kun san ni, ma'aikacin sito ne a Al Quoz, ina ƙidayar kwalaye ina lodi. Matata Hannatou 'yar Damagaram ce, nas ce a wani ƙaramin asibiti. Mun shekara shida da aure. A bana Allah ya ba ta aiki a wani babban asibiti a wata ƙasa mai sanyi, wadda ba zan kama sunanta ba saboda har yanzu ina son shiga cikinta. Suka ce tana iya tahowa da mijinta, amma da sharaɗi: sai mun tabbatar musu cewa auren namu na gaske ne, ba na neman biza ba.

Da na ji haka dariya na yi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, muna da takardar aure.

Ita takardar tana gida, sai da ƙanena Zainul Abideen ya yi yawo da ita. Ofishin farko ya buga hatimi cewa malamin da ya ɗaura auren yana nan da ransa. Na biyu ya buga hatimi cewa hatimin farko na gaske ne. Na uku ya ce ba zai duba na biyu ba sai an kawo wasiƙar neman izinin dubawa. A na huɗu aka ce masa ba a aiki domin babu mai a janareto. Zainu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai hatimin da hannu ake buga shi." Aka ce haka ne, amma hannun ba ya aiki sai da fanka. Da man ya samu kuma, sai aka ce Mai Girma Sarkin Hatimi da kansa ya tafi ƙasar waje taron ƙara wa juna sani, kuma ya tafi da makullin durowa. Ban ce komai ba, amma a makon nan na ga wani mai babbar riga a nan kasuwar Naif yana taya akwatuna, yaransa biyu na binsa da ledoji. Allah ya ƙara wa manyanmu sani, domin da gani wannan taro ya yi albarka.

A ƙarshe dai takarda ta iso, hatimi ya cika ta har rubutun auren ya kusa ɓacewa. Muka ɗauka muka kai ofishin da ke karɓar takardu, ofis mai sanyi da ƙamshi, inda na'ura ke kiran lamba da muryar da ta fi ta mutane ladabi. Muka samu wani bawan Allah a bayan gilashi, wanda na naɗa wa sarautar Wazirin Taga. Ya juya takardar, ya duba fasfo ɗinmu, ya sake dubawa.

Ya ce, "An ɗaura aurenku a Damagaram?"

Na ce, "Ƙwarai."

"Amma fasfo ɗinka ya nuna ranar kana nan Dubai."

"Ina wurin aiki, ranar ma kwantena biyu muka sauke."

"Ita ma amarya tana nan."

Hannatou ta ce, "Ina duti a asibiti."

Ya ajiye biro. "To wa ya auri wa?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, cewa kawuna ya taso daga Kano ya karɓa mini aure, mahaifinta ya bayar, aka yi fatiha, aka raba goro da dabino. Har hoto na nuna masa. Ya daɗe yana kallon dattawa a kan tabarma, sannan ya nuna kawuna da ɗan yatsa ya ce, "Wannan ne angon?" Ai kuwa Kawu ya fi kowa washe baki a hoton.

Wazirin Taga mutum ne mai haƙuri, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce takarda ta nuna an yi biki, amma ba ta nuna akwai soyayya ba. Ya tambayi takardar haya mai sunayenmu biyu. Na ce filat ɗin da sunan Baƙo yake, mu ɗaki ɗaya muka kama a ciki, kicin kuma na kowa da kowa ne. Ya tambayi hotunan shaƙatawa. Na ce ni da rana nake aiki, ita sau da yawa sai na dawo take fita, yawanci a bakin ƙofa muke gaisawa. Ya ce to saƙonnin waya fa, ai masoya ba sa rasa su.

Nan na ji ƙarfi, na miƙa masa wayata. Ya fara karantawa, ina fassara masa.

"Ka taho da albasa."

"To."

"Makulli yana cikin takalminka na Juma'a."

"To."

"Wa ya cinye naman da na ajiye?"

Wannan ban amsa ba, har yau.

Ya ce, "Da wane suna ka ajiye lambarta?" Na ce "Gida." Ya juya wurinta. Hannatou ta miƙa tata wayar a hankali. Jama'a, shekara shida ina kwana ina tashi da baiwar Allah nan, ashe a wayarta sunana Mai Kwali. Ranar da muka fara haɗuwa kwalayen safar hannu na kai asibitinsu, ta karɓi lambata saboda rasit, kuma daga ranar ba ta ga dalilin gyarawa ba.

Wazirin Taga ya ce mu je mu ƙaro hujja, za a kira mu ganawa da wata jami'a.

Da muka koma gida muka tarar da Baƙo a kicin yana dafa shayi. Shi ɗan Maraɗi ne, takalma da jakunkuna yake saye a Naif yana turawa gida, kuma babu matsalar duniya da ba shi da maganinta. Ya saurare mu har ƙarshe, ya kurɓi shayi.

"Sharu, habibi, matsalarku ɗaya ce. Kuna da aure, ba ku da talla. Ni takalmin da ya fi kowanne ƙwari in ban ɗauke shi hoto mai kyau ba, ba mai saye. Ku ba ni Asabar ɗaya, in haɗa muku soyayyar shekara shida. Khalas, shi ke nan."

Hannatou ta ce, "Baƙo, wannan ba ƙarya ba ce?"

"Ƙarya ina? Ba mijinki ba ne? Hoton ne kawai ya makara."

Haka muka fita da jakar kaya. A bakin ruwa na sa kwat. A wani lambu na sa shadda, ita ta sa leshi. A gaban wani dogon bene na sa rigar ƙwallo, ita ta canza gyale. Duk bayan gidan da muka gani a hanya sai mun shiga mun sake shiri, har wani mai gadi ya fara bin mu da ido. Baƙo yana ba da umarni kamar mai shirya fim. Ka riƙe hannunta. Ba haka ba, wannan riƙon ɗan sanda ne. Ke kuma ki jingina da kafaɗarsa. Hannatou ta jingina tana magana ta cikin haƙora, "In hoton nan ya kai hannun Inna, ka san inda za ka kwana." A tsakiyar wannan aiki ne Malam Abdulmuhaimin ya same mu.

Bayan hotuna sai karatu. Baƙo ya ce za su tambaye mu launin da kowa ya fi so, da abincin da ya fi so, da ranar haihuwa. Na tambayi Hannatou launinta, ta ce ita ba ta taɓa zama ta zaɓa ba. Muka yi shawara muka tsayar da shuɗi. Ni aka ba ni kore. Ranar haihuwata kuwa uku gare ni, ta fasfo, ta makaranta, da wadda mahaifiyata ke cewa shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta. Muka haddace ta fasfo.

Ranar ganawa aka shigar da mu wani ɗan ɗaki. Jami'ar dattijuwa ce mai furfura da tabarau a kan hanci, ta baza hotunanmu a tebur kamar mai shirin buga karta. Ni a raina na ba ta sarautar Magajiyar Tambaya. Ta gaishe mu da fara'a, har ta yi wa Hannatou Faransanci. Sannan ta ɗaga hoton bakin ruwa.

"Wannan yaushe ne?"

Na ce, "Farkon aurenmu."

Ta ɗaga na lambu. "Wannan fa?"

"Bayan shekara uku."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ciwon goshinka bai warke ba har tsawon shekara uku?"

Na shafa goshina. Ana jibi za mu ɗauki hotunan, wani kwali ya faɗo mini a sito, Hannatou ta manna mini filasta. Filastar nan tana cikin kowane hoto. Da kwat tana nan, da shadda tana nan, da rigar ƙwallo tana nan, a wuri ɗaya, a karkace ɗaya. A hotuna biyu ma har jakar kayanmu ta leƙo daga gefe.

Magajiyar Tambaya ta tattara hotunan ta ajiye gefe. Fara'ar ta ragu. Ta ce ita aikinta ke nan, ta ga aure na haya iri-iri, kuma alamarsu ta farko ita ce hotunan da aka ɗauka rana ɗaya. Ta ce bizar Hannatou ba ta da matsala, asibiti na jiranta, amma tawa ba ta ga yadda za ta sa hannu ba. In an ƙi kuma, sai an daɗe kafin a sake nema.

Na ji sanyin na'urar sanyaya ɗakin ya shiga har ƙashina. Sai a lokacin na hango abin sosai: ɗakinmu na Muraqqabat babu ita, ni kaɗai da shayin Baƙo.

Hannatou ta miƙa hannu ta ɗauki fasfo ɗinta daga tebur ta jefa a jaka. Ta ce wa matar, "To shi ke nan, madam. Ku ba wani aikin. Ba na zuwa."

Na juya da Hausa. "Ke, me kike faɗa haka?"

"Abin da ka ji."

"Ba ki isa ba. Za ki tafi."

"In tafi in bar ka da wa? Kai da ko maganin hawan jininka sai na sa maka a aljihu?"

"Zan sha! Shekara biyu kina karatun jarrabawar samun aikin nan a ƙasan kicin, kina dawowa daga duti ido jawur. Ni na riƙa riƙe miki littafi ina tambayarki da Faransancin da ban san kansa ba. Duk wannan ki zubar saboda filasta?"

"Ai kai ka biye wa Baƙo."

"Ke kika manna filastar!"

"Da na bar ka jini na zuba?"

Magajiyar Tambaya ta ɗaga hannu. Ta ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan dole ta ji shi, don haka in fassara. Jama'a, ban taɓa shiga irin wannan hali ba. Matata na zagina, ni ina juya zagin zuwa Turanci don amfanin hukuma.

"Me ta ce yanzu?"

"Ta ce ina da taurin kai."

Hannatou ta ce, "Ba haka na ce ba. Na ce kansa ya fi kwalayensa tauri, su ko ruwa ya taɓa su suna laushi."

Matar ta rubuta wani abu. Ta ce, "Kai ka ce ka riƙa yi mata tambayoyin jarrabawa. Me kake tambayarta?"

Na ce ni ban san ma'anarsu ba, karantawa kawai nake yi yadda na gani. Ta ce in faɗi ɗaya. Na gyara murya na ambaci sunan wata cuta da ta fi ba ni wahala, da lafazina na Kano tsantsa. Kafin in rufe baki Hannatou ta gyara mini, ba tare da ta ko kalle ni ba. Na sake faɗa. Ta sake gyarawa, ta ƙara da, "Mon Dieu, shekara biyu!" Matar ta cire tabarau ta rufe bakinta da hannu, kafaɗunta na rawa.

Da ta nutsu sai ta ce, "Tambaya ta ƙarshe. In na ƙi ba ka, ita ta tafi, me za ka yi?"

Na ce, "Zan kai ta filin jirgi. In dawo in ci gaba da lodi, in sake nema. In kun ƙi in sake. Ni dai kada a ce saboda ni ta rasa abin da ta wahala a kansa." Sannan bakina ya ƙara abin da ban shirya ba. "Amma gaskiya, madam, ban san yadda ake kwana a gari ba ta cikinsa ba."

Ban taɓa faɗin irin wannan a gaban Hannatou ba, balle a gaban baƙuwa. Ita kuwa ta kafa wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jikinsa, tana murɗa bakin gyalenta.

Magajiyar Tambaya ta ce mu kwashe hotunanmu, ba ta son sake ganinsu. Ta ce mu kawo takardar asibitina da ke nuna wa ake kira in na faɗi, da shaidar mutum biyu da suka san zamanmu, da saƙonnin albasan nan gaba ɗaya, kada mu cire ko ɗaya. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba.

A makonnin da muka yi muna jira ne wani tunani ya zo mini a cikin bas ɗin Al Quoz. Na ce ashe akwai ƙasar da ake zaunar da mutum a ce ya kawo shaidar yana son wanda ya ce yana so. Me zai hana mu ari wannan tsari mu kai gida? Duk Mai Girman da ya zo ya ce yana ƙaunar talakawa, a shigar da shi ɗan ɗaki. Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da mazaɓarka? Nawa ake sayar da mudun gero? Rijiyar burtsatsen da ka ƙaddamar sau uku, wane launi ne ruwanta? A baza hotunansa a tebur, wanda yake rungume da tsohuwa, da wanda yake cin ƙosai a bakin titi, da wanda yake tura baro, a duba ko ba duk a mako ɗaya aka ɗauke su ba, ana saura kwana kaɗan zaɓe. Ni na tabbata za su ci jarrabawar, domin manyanmu mutane ne masu ƙauna. Ƙaunar ce ma ta yi musu yawa har ba sa iya zuwa su ga halin da muke ciki.

Shekaranjiya saƙo ya shigo. An ba mu, mu biyu. Hannatou ta yi sujada a tsakar ɗaki, Baƙo ya shigo da gudu yana cewa ai ya faɗa mana hotunansa ba sa faɗuwa ƙasa banza. Mu dai shayi muka sha.

Sai da hayaniya ta lafa na zauna na karanta tawa bizar da kyau. A wurin da ake rubuta matsayin mutum, ita an sa mata ma'aikaciya. Ni kuma an rubuta cewa ina ƙarƙashin kulawarta, wato a layin da ake sa yara da tsofaffi. Na nuna mata, na ce wannan kuskure ne, gobe zan koma wurin Wazirin Taga a gyara. Ta karɓa ta karanta a nutse, ta ninke, ta sa a jakarta ta ja zif.

Ta ce, "Hukuma ba ta kuskure. Tashi ka wanke kofunan nan."

Na tashi. Mutum ba ya jayayya da takardar da ke da hatimi.